Cinikin Da Babu "Albarka" A Cikinsa

Duk wanda ya taɓa shiga kara ko kasuwar hatsi ya san cewa kalmomi biyu ne ke riƙe da ciniki, wato "albarka" da "na sallama". Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara masa, ya sake cewa albarka, har a kai inda hankalinsa ya kwanta ya sallama. In kuwa ba a daidaita ba, mai saye ya kaɗe rigarsa ya yi gaba, mai kaya ya ci gaba da jiran wani. Babu wanda zai ce an cuce shi, domin kowannensu yana da ikon juya baya. Wannan ikon juya bayan shi ne ya sa muke yarda cewa kuɗin da aka tsaya a kai shi ne farashin kaya na gaskiya, ko da kuwa gobe wani ya sayi irinsa da rahusa.

To, tambayar da nake son mu yi nazari a kanta a wannan fitowa ita ce: ina matsayin cinikin da aka ƙulla alhali babu mai ikon cewa albarka a cikinsa? Wa ke da haƙƙin yanke farashi bayan an riga an yi aiki an gama, kuma da wane mudu zai auna? Wataƙila mai karatu ya ɗauka wannan wasa ƙwaƙwalwa ne kawai irin na masu falsafa. Ba haka ba ne. A ƙasar Amurka wannan tambaya ta zama doka, ta zama shari'o'i a kotuna, ta kuma zama rigingimu sama da miliyan ɗaya a shekara guda tsakanin kamfanonin inshorar lafiya da asibitocin da ba su da yarjejeniya da su. Can za mu leƙa, domin a can ne al'amarin ya fi fitowa fili.

Ɗan gida da bare

Akasarin Amurkawa masu aiki suna samun inshorar lafiya ne ta wurin aikinsu. Duk wata ana zuba kuɗi, wani kaso daga albashin ma'aikaci, wani daga aljihun mai ma'aikata, kamar dai zubin adashi, sai dai shi wannan marar lafiya ne ke kwasa. Kamfanin inshora kuma yakan zauna da asibitoci da likitoci su yi ciniki tun kafin kowa ya kwanta: tiyata kaza kuɗi kaza, kwana ɗaya a gado kuɗi kaza. Asibitin da aka daidaita da shi sai a sa shi cikin jerin kamfanin. Bari mu kira irin wannan asibiti "ɗan gida", wanda ba a daidaita da shi ba kuma mu kira shi "bare". Ɗan gida ya yarda ya rage farashi domin kamfani zai riƙa turo masa majinyata. Shi kuwa bare bai yi wa kowa alkawarin komai ba, yana da tasa takardar farashi da ya rubuta da hannunsa, wadda sau da yawa takan ninka ta ɗan gida ninkin ba ninki.

Kafin shekarar 2022, idan majinyaci ya faɗa hannun bare, abin da ya fi faruwa shi ne kamfanin inshora ya biya abin da ya ga ya dace, asibiti kuma ya aiko wa majinyacin da takardar ciko. Alal misali, a shekarar 2017 ciwon zuciya ya kayar da wani malamin makarantar sakandare a birnin Ostin na jihar Teksas. Aka garzaya da shi asibitin da ya fi kusa, aka sa masa ƙananan bututu a jijiyoyin zuciya, ya tashi. Ashe asibitin bare ne ga kamfaninsa. Asibiti ya rubuta kusan dala 165,000, kamfani ya biya kusan dala 56,000, aka ce malam ya kawo cikon kusan dala 109,000. Da 'yan jarida suka bankaɗo labarin a watan Agusta na 2018, sai ga cikon nan ya sauko ya koma ƙasa da dala 1,000. A nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Aikin bai canza ba, zuciyar malam ita ce dai, likitocin su ne dai, amma bashin da ake bin sa ya narke cikin 'yan kwanaki saboda idon jama'a. To, shin nawa ne farashin aikin tun asali?

Akwai ma wani salon da ya fi wannan ɗaure kai. Mutum zai yi bincikensa, ya zaɓi asibiti ɗan gida, amma likitan da zai sa shi barci kafin tiyata, ko wanda zai karanta hoton da aka ɗauka, ko na sashen gaggawa, ya kasance bare, domin wani kamfani ne daban ya ɗauke shi aiki. Majinyaci bai zaɓe shi ba, wani lokaci ko fuskarsa bai gani ba, sai dai bayan makonni ya ga takarda. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Yale, Zack Cooper da Fiona Scott Morton, suka buga a 2016 ya nuna cewa kusan kashi 22 cikin 100 na zuwan da aka yi sashen gaggawa na asibitoci 'yan gida, likita bare ne ya duba majinyacin. Wato fiye da ɗaya cikin biyar.

Yardar wanda ruwa ya ci

Masu kare tsohon tsari sukan ce ai majinyaci ya sa hannu a takarda a ƙofar asibiti cewa zai biya. Gaskiya ne ya sa, ko danginsa sun sa. Amma Bahaushe ya riga ya faɗa cewa wanda ruwa ya ci ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. Tun zamanin Girkawa masana suka yi ta kai-kawo a kan irin wannan yarda. Aristotal ya kawo misalin mai jirgin ruwa da guguwa ta taso masa, ya shiga watsa kayansa cikin teku domin ya tsira. Da hannunsa ya watsa, da saninsa kuma, amma babu mai hankalin da zai zaɓi haka a ranar da teku ke kwance. Sai ya ce irin wannan aiki gauraye ne, da zaɓi da tilas a cikinsa. Malaman fiƙihu su ma sun yi magana a kan cinikin wanda lalura ta matsa wa, suka kuma fito da ma'aunin "farashin misali", wato abin da aka saba sayar da irin kayan a irin wurin da lokacin, domin kada a mai da matsuwar mutum ta zama riba. A Turai ma Tomas Akwinas, a ƙarni na 13, ya tafi a kan cewa bai dace mai kaya ya ƙara farashi don kawai mai saye ya matsu ba, tun da matsuwar ba daga mai kayan ta fito ba, balle ya ce zai sayar da ita.

Sai dai kada mu yi saurin yanke wa asibiti hukunci, domin shi ma a ɗaure yake. Tun 1986 akwai dokar tarayya a Amurka da ta wajabta wa kusan duk asibitin da ke da sashen gaggawa ya duba wanda aka kawo masa, ya kuma yi masa abin da zai fitar da shi daga haɗari, ko yana da kuɗi ko ba shi da shi. Ke nan asibiti ba shi da ikon cewa albarka. Dole ya buɗe ƙofa dare da rana, ya biya likitoci da ma'aikatan jinya, ya kula da waɗanda ba za su taɓa biyan ko sisi ba. Kamfanin inshora ya san da haka sarai. In aka bar shi ya biya abin da ya ga dama, me zai sa ya wahalar da kansa wajen daidaitawa da asibiti, alhali ya san dole a karɓi mutanensa? Haka kuma in aka bar asibiti ya karɓi duk abin da ya rubuta, me zai sa ya yarda ya zama ɗan gida ya rage farashi, alhali ya san motar ɗaukar marasa lafiya ba ta duba jerin kamfani kafin ta tsaya?

Wannan shi ne ƙashin bayan matsalar. Kowane ɓangare yana da kukan gaskiya, kowane ɓangare kuma yana da hanyar cutar ɗan'uwansa. Shi kuwa majinyaci, wanda ba a yi shawara da shi ba, shi aka mayar abin garkuwa. Asibiti ya matsa masa domin ya je ya matsa wa kamfani, kamfani kuma ya kau da kai ya ce ai shi ya kai kansa gidan bare.

Yadda doka ta shiga tsakani

A ranar 27 ga Disamba, 2020, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata doka da jam'iyyun ƙasar biyu suka haɗu a kanta, wadda za mu iya kira Dokar Hana Ba-zata. Ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022. Abu na farko da ta yi shi ne cire majinyaci daga rigimar. In an kai mutum sashen gaggawa na bare, ko likita bare ya duba shi a asibiti ɗan gida, ko an ɗauke shi a jirgin sama na agaji, abin da zai biya shi ne kasonsa da zai biya in da a hannun ɗan gida yake. Ba a aiko masa da ciko. Akwai wasu ayyukan da ba na gaggawa ba waɗanda majinyaci zai iya yafe wannan kariya in an sanar da shi a rubuce tun da wuri, amma ban da irin su likitan sa barci da mai karanta hoto, tun da ba shi ke zaɓar su ba.

Sauran kuɗin kuma aka bar wa manyan biyu su warware. Kamfani yana da kwana 30 ya biya wani abu ko ya ce ba zai biya ba. In asibiti bai gamsu ba, sai a buɗe kwanakin aiki 30 na tattaunawa. In an tashi baram-baram, ɗayansu yana da kwanakin aiki 4 ya kai ƙara gaban mai raba gardama mai zaman kansa, wanda gwamnati ta ba lasisi. A nan ne hikimar dokar take. Kowane ɓangare zai rubuta farashi guda ɗaya, tayinsa na ƙarshe, ya miƙa. Mai raba gardama ba shi da ikon raba tsakiya, ba shi kuma da ikon ƙirƙiro nasa farashin. Dole ya ɗauki ɗaya daga cikin biyun ɗungurungum, wanda ya sha kaye kuma shi ke biyan ladan mai raba gardamar.

Me ya sa aka hana raba tsakiya, alhali shi muka fi sani a sulhu? Dalili shi ne, in mutane suka san dattijo zai raba biyu ne kullum, to mai saniyar da ta kai dubu ɗari zai ce dubu ɗari biyu, mai saye kuma ya ce dubu ashirin, kowa na jan tsakiyar zuwa wajensa. Raba tsakiya yakan saka wa mai zari, ya hukunta mai kunya. Wani masanin tattalin arziki, Carl Stevens, ya kawo shawara a 1966 cewa a tilasta wa alƙali ya zaɓi tayi guda, domin tsoron faɗuwa gaba ɗaya zai sa kowa ya matso kusa da gaskiya, har ma su daidaita a tsakaninsu ba sai sun je gabansa ba. Tun 1974 ake amfani da wannan dabara wajen yanke albashin 'yan wasan besbol a Amurka, jihar Niyu Yok kuma ta fara amfani da ita a kan kuɗin asibiti a 2015, kafin tarayya ta ɗauka.

Dokar ta kuma faɗa wa mai raba gardama abin da zai duba. Na farko akwai farashin tsakiya, wato a jera duk farashin da kamfanin ya daidaita da 'yan gida a kan irin wannan aiki a wannan yanki, a ɗauki na tsakiyar jerin, kamar yadda yake a ranar 31 ga Janairu, 2019, sannan a riƙa ƙara masa gwargwadon hauhawar farashi. Bayan haka zai iya duba ƙwarewar likita, da tsananin ciwon majinyaci, da ƙarfin kowane ɓangare a kasuwar yankin, da ko sun yi ƙoƙarin daidaitawa da zuciya ɗaya. An hana shi duba abu biyu: farashin da asibiti ya rubuta wa kansa, saboda ya yi tsada, da farashin da gwamnati ke biya a shirye-shiryenta na tsofaffi da matalauta, saboda ya yi araha.

Abin da ya biyo baya

A takarda tsari ya yi kyau. Gwamnati ta yi hasashen za a riƙa samun rigingimu kusan 17,000 a shekara. Da aka buɗe ƙofar shigar da ƙara ranar 15 ga Afrilu, 2022, kafin ƙarshen Maris na 2023 an shigar da sama da 330,000. A shekarar 2024 kuwa sun haura miliyan ɗaya. Ƙararraki suka taru suka yi tsibi, wa'adin da doka ta ɗiba ya riƙa wucewa ba a yanke ba, da yawa daga cikinsu ma aka gano ba su cancanci shiga tsarin ba. Bayanan gwamnati sun nuna asibitoci da likitoci ne suka yi nasara a kusan kashi 77 cikin 100 na hukuncin da aka yanke a rabin farko na 2023, a 2024 kuma suka wuce kashi 80. Kuɗin da suke ci sau da yawa yakan ninka farashin tsakiya sau uku ko fiye. Daɗin daɗawa, kaso mai yawa na ƙararrakin ya fito ne daga wasu 'yan tsirarun manyan kamfanoni masu ɗaukar likitoci aiki, wasunsu mallakar masu zuba jari ne.

A gefe guda kuma aka yi ta fafatawa a kotu. Ma'aikatun gwamnati sun fitar da ƙa'ida a 2021 cewa mai raba gardama ya ɗauka farashin tsakiya shi ne daidai, sai in an kawo ƙwaƙƙwarar hujja. Ƙungiyar Likitocin Teksas ta kai ƙara, a watan Fabrairu na 2022 wata kotun tarayya a jihar ta soke ƙa'idar, ta ce majalisa ba ta fifita ma'auni ɗaya a kan sauran ba. Kuɗin shigar da ƙara ma bai tsira ba. Daga dala 50 aka ɗaga shi zuwa dala 350 a 2023, kotu ta soke a watan Agusta na shekarar, aka tsayar da shi a dala 115 a farkon 2024.

Kowane ɓangare ya karanta waɗannan alƙaluma yadda ya yi masa daɗi. Likitoci suka ce yawan nasararsu shaida ce cewa kamfanoni na biyan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma kamfanin ne da kansa ke lissafa farashin tsakiya a ɗakinsa, har yakan cusa farashin ayyukan da likitan da aka rubuta wa ba ya ma yin su, domin a ja tsakiyar ƙasa. Kamfanoni kuma suka ce an mayar da ɗakin sulhu wurin neman riba. Ni dai a ganina kowannensu ya faɗi rabin gaskiya, ya ɓoye rabin da ya shafe shi.

Wanda ba ya cikin ɗaki

Da farko dai dole mu yaba wa dokar a kan abin da ta yi daidai. Cire majinyaci daga rigimar adalci ne tsantsa, kuma mutane da yawa sun amfana, domin akasarin kuɗaɗen da dokar ta shafa ba sa ma kaiwa gaban mai raba gardama. Wani zai ce in an kare majinyaci ba zai damu da tsadar inda ya je ba. Wannan magana tana da ƙarfi a kan wanda ke zaɓen asibiti da ƙafarsa, amma ba ta hau kan wanda aka ɗauko a sume ba. Ba a ɗora wa mutum nauyin zaɓin da ba a ba shi ba. Hasali ma laifin dokar a nan shi ne ba ta kai ƙarshe ba, domin ta bar motar ɗaukar marasa lafiya a waje. Wanda aka ɗauka a jirgin sama ya tsira, wanda aka ɗauka a mota kuma, ga shi su ne suka fi yawa, dokar tarayya ba ta kare shi ba, sai in jiharsa ta yi tata dokar.

To amma ga inda gizo ke saƙar. A ɗakin raba gardama mutum biyu ne ke magana, alhali kuɗin na mutum na uku ne. Kamfanin inshora ba ya buga kuɗi, zubin jama'a yake rabawa. Fiye da rabin ma'aikatan da ke da inshora ta wurin aiki ma, ma'aikatarsu ce ke biyan kuɗin asibiti kai tsaye, kamfanin inshora lissafi kawai yake riƙe mata. Duk dalar da aka yanke fiye da kima, da ladan mai raba gardama, da na lauyoyi da dillalan shigar da ƙara, a ƙarshe za ta dawo cikin zubin baɗi, ko ta cinye ƙarin albashin da ma'aikaci zai samu. Ofishin kasafi na majalisar ƙasar ya yi hasashen dokar za ta rage kuɗin zubi da kashi ɗaya cikin 100 ko rabin haka, bisa zaton cewa hukunci zai riƙa faɗawa kusa da farashin tsakiya. Tun da hukunci ya yi sama da nan nesa, wannan zato yana cikin shakka. Ke nan majinyacin da aka fitar ta ƙofar gaba, ana iya dawo da shi ta ƙofar baya. Jiya mutum ɗaya aka ɗora wa dala 109,000 har ya yi ihu duniya ta ji. In aka raba irin wannan nauyi a kan mutum miliyan, babu wanda zai ji zafin da zai sa ya yi ihu, amma kuɗin bai ragu ba.

Wannan ya sa nake ganin ba a auna adalcin sulhu da gamsuwar masu rigima kaɗai. Mutum biyu na iya fitowa daga gaban alƙali suna murmushi alhali gonar maraya suka raba. Dole a tambaya: wa zai biya, kuma wa ya tsaya masa a ɗakin?

Abu na biyu shi ne maganar mudu. Dabarar tayin ƙarshe tana aiki ne in ɓangarorin biyu suna da masaniyar inda gaskiya take, kowa na tsoron ya yi nisa da ita. A wasan besbol albashin 'yan wasa a bayyane yake, ƙwazonsu a rubuce yake, kowa na gani. A asibiti kuwa mudu biyu ne a kasuwa, ɗaya asibiti ya sassaƙa, ɗaya kamfani ke riƙe da shi a ɗaki. Doka ta hana na farko, kotu ta rage wa na biyu daraja, aka bar mai raba gardama da tayi biyu masu nisa da juna babu tsayayyen abin aunawa. Idan ɓangare ɗaya ya lura cewa sau takwas cikin goma tayinsa ake ɗauka, tsoron da Stevens ya dogara da shi ya tafi. Sai zuwa gaban alƙali ya fi zaman sulhu riba, zama bare ya fi zama ɗan gida riba. Sanin kowa ne kuma cewa wanda ake biya a kan kowace ƙara, ko da mutumin kirki ne, ba shi ne zai fi kowa son ƙararraki su ragu ba.

Abu na uku, tsarin da ke buƙatar lauya da ma'aikatan cike takardu da haƙurin jiran watanni, mai ƙarfi yake wa aiki. A 2023, lokacin da kuɗin shigar da ƙara ya kai dala 350, ƙaramin asibitin ƙauye da ke bin dala 200 ba shi da dalilin biyan wannan kuɗi ya shigar da ƙara, sai dai ya haɗiye. Babban kamfani mai shigar da dubbai a wata shi ke cin moriya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ina mafita?

Ra'ayina shi ne, inda babu ikon cewa albarka, kasuwa ba ta haifar da farashi, saboda haka al'umma ce ya wajaba ta yanke shi a fili, da hannun wanda ba shi da kaso a ciki. Ba sabon abu ba ne. Jihar Merilan tun shekarun 1970 take da hukumar da ke yanke wa asibitoci farashi, kowane mai biya kuma kusan abu ɗaya yake biya. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2016 cewa likita bare a asibiti ɗan gida za a biya shi matsakaicin abin da kamfanin ke biyan 'yan gida, ko kashi 125 cikin 100 na abin da shirin gwamnati na tsofaffi ke biya, duk wanda ya fi yawa. Japan kuwa ƙasa ce sukutum mai takardar farashi guda, ana sake duba ta duk shekara biyu.

Ban ce wannan hanya ba ta da aibi ba. In aka yanke farashi ƙasa da kima, likitoci za su guje wa sashen gaggawa, asibitocin ƙauye su rufe, kuma likitocin Kalifoniya sun yi kukan cewa kamfanoni sun samu sandar matsa musu a wajen ciniki. Amma kuskuren da aka yi a fili ana iya ganin sa a gyara, a kuma san wanda za a tuhuma. Kuskuren da aka warwatsa cikin hukunci miliyan, kowanne a ɗakinsa, wa zai kama? In ma an ce a ci gaba da raba gardama, to aƙalla a binciki lissafin farashin tsakiya da idon wanda ba ɗan kamfani ba, a sa mai raba gardama ya bayyana dalilinsa duk lokacin da ya yi nisa da shi, a kuma riƙa auna nasarar tsarin da raguwar ƙararraki shekara bayan shekara. Hanyar sulhun da masu zuwa gare ta ke ninkawa kullum, akwai abin da ya lalace a cikinta.

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar Amurkawa ce kawai. A Nijeriya Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti korar wanda aka kawo cikin gaggawa, dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Ƙorafin asibitoci a kan ƙarancin farashi da jinkirin biya daga kamfanonin da ke tsakani ba baƙo ba ne a wurinmu. Gwargwadon yadda masu inshora ke ƙaruwa, haka za a riƙa samun wanda haɗari ya kai asibitin da bai yi rajista da shi ba, a kuma tashi neman wanda zai biya da nawa zai biya. Gara mu yi tunanin mudun tun yanzu, mu kuma tabbatar an ajiye wa mai zubi kujera a wurin da za a yanke.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Na san a cikin 'yan'uwa akwai ma'aikatan lafiya da masana shari'a da za su ga abin ta wata fuska, musamman a kan maganar yanke farashi, to fili a buɗe yake, sai mu ji daga gare su a fitowa ta gaba.